Mai Yasar Kwata

Yana tsaye cikin kwatar bakin tasha, baƙin ruwa har ƙugunsa, tsutsotsi na yawo a kai. Na zo wucewa, warin ya tare ni. Dattijo ne siriri. Farar rigarsa na rataye cikin leda, ina jin ta zuwa masallaci ce. Duk shebur ɗin da zai ɗaga sai ya yi bisimilla.

Mai shagon gefe ya leƙo, hanci a toshe. "Baba, yi sauri mana, kana korar mini ciniki!" Sai ya jefo ɓawon ayaba daidai inda aka gama yashewa.

"To, ɗana," in ji dattijon, ya sunkuya ya tsince.

Yawun da na tara saboda kwata, a ƙofar shagon nan na tofar.