Jan Lallen Da Ya Ruɗi Na'urarmu

Duk yawan shekarun da Allah zai ara mini, akwai wata ranar kasuwa a Birnin Gwari da ba za ta goge daga zuciyata ba. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da faɗa. Tun ina ƙarama ake tsokanata a gida cewa ko kaza ce ta taka ni, ni zan ba ta haƙuri. Amma har yau in na tuna wannan rana sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a wani ɗakin bincike na jami'a, inda ake amfani da haske a leƙa jikin ɗan Adam ba tare da an tsaga ko an huda ba. Mu kaɗan ne. Akwai Farfesa, shugabanmu, dattijo mai sanyin murya wanda kullum yana hanyar taro. Akwai babban ɗalibinsa da kowa ke kira Injiniya, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ba ya son a maimaita masa magana. Akwai wata likita da ke kula da bayanan da muke tattarawa. Sai ni, autarsu. Ina son ɗakin nan kamar me. In aka ja labule aka kashe fitila, zaren haske kore ya ratsa madubai, sai in ji kamar an kamo tauraro an ɗaure mana shi a kan tebur.

Injiniya ya shafe shekaru yana ƙera wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce sandar sabulu ba. Mutum zai sa yatsa a ciki, ta haska farcensa, ta auna jan naman da ke ƙarƙashin farcen. In jinin jiki ya isa, sai ta kunna kore. In akwai ƙarancin jini, ta kunna ja. Ba allura, ba jiran sakamako. An gwada ta a kan ɗalibai da ma'aikatan jami'a, ta yi kyau. Ni kuwa da ma jinina ba ya cika, don haka duk lokacin da na sa yatsa ja take ba ni. Har ya zama abin wasa. Da safe in an kunna ta sai Injiniya ya ce, "Auta, zo ki ba mu jan nan naki mu tabbatar tana aiki."

Da aka zo neman inda za a gwada ta a kan mata masu ciki, ni na ce a je garinmu. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Na san halin da matan ƙauyukanmu ke ciki tun da daji ya zama abin da ya zama. Macen da ke can bayan Kuyello ba ta fitowa sai ranar kasuwa, cikin ayari, kuma dole a koma kafin la'asar. Wata sau ɗaya tak za ta ga ma'aikacin lafiya kafin ta haihu. Na yi ta mafarkin ranar da kowace ungozoma za ta rataya wannan na'ura a jakarta.

Na riga su zuwa da kwana biyu don in shirya wuri. Bayan Babbar Sallah ne da 'yan makonni, ƙanwata ta ga hannuna fari ta ce wannan ai abin kunya ne, ta kama hannuna na hagu ta ƙunsa mini lalle. Na dama na hana ta, don da shi nake rubutu.

Ranar kasuwa muka shimfiɗa kayanmu a barandar wani ƙaramin asibiti. Farfesa bai zo ba, taro ya riƙe shi. Ka'idar da ya sa wa hannu a fili take: duk macen da aka gwada da na'ura, a ɗebi jininta a auna, a kwatanta. Amma kafin hantsi layi ya kai bakin ƙofa, mai awon jini shi kaɗai ne, kuma motarmu sai ta bi ayarin da zai kama hanyar Kaduna da rana. Injiniya ya dubi agogo ya ce, "Wadda ta samu ja a ɗebi jininta. Wadda ta samu kore ta tafi. Na'urar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba." Likitarmu ta ɗaga kai kamar za ta yi magana, sai ta mayar da shi kan takarda. Ni ma ban ce komai ba. Wace ce ni?

Aikina shi ne in goge farce da auduga, in sa yatsa, in gaya wa mace sakamakonta. Cikin waɗanda suka zo akwai wata doguwa mai wushirya, cikinta ya tsufa, daga wani ƙauye bayan Kuyello. Da ƙyar ta hau matakala biyun barandar, ta zauna tana haki, amma bakinta bai mutu ba.

"Malama, wannan akwatin naku yana faɗin mace ce ko namiji?"

"A'a, Yaya, jini kawai yake dubawa."

"To ai bai gama makaranta ba, ku mayar da shi."

Mata suka kwashe da dariya. Na sa yatsanta, kore ya kama. Da bakina na ce mata, "Yaya, jininki lafiya lau."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da ma jiri nake gani, in na ɗaga taɓarya sai duniya ta juya. Ashe lalaci ne kawai." Ta gyara mayafi ta sauka, tana dafa bango.

Na ji wannan magana, na ga yadda take dafa bango, amma na kira ta gaba. Fitila ta ce kore, ni kuma na yarda da fitila fiye da idona.

Can wajen azahar tsohuwar ungozomar asibitin, wadda tun safe take tsaye gefe tana kallonmu, ta matso kusa da ni. "'Yata," in ji ta, "yau kuma matan daji duk sun zama masu jini? Na tsufa a wurin nan ban taɓa ganin wannan arziki ba." Ba ta jira amsa ba. Ta kama haɓar matar da na sallama yanzu-yanzu da kore, ta ja fatar idonta ta ƙasa. Fari fat, kamar auduga. Ta kama hannun matar ta juya, ta kalle ni. Farcen nan jajawur yake da lallen Sallah.

Na dubi hannuwana. Na sa yatsana na dama a na'ura: ja, kamar kullum. Na sa na hagu, mai lalle: kore. Jiki ɗaya, jini ɗaya, amsa biyu. Ashe tun safe ba jinin matan nan take aunawa ba, lallensu take yabo.

Na je wurin Injiniya, na nuna masa. Ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya ce, "Ba ke ke goge musu farce ba? Na ba ki kwalbar maganin goge jan farce."

"Injiniya, lalle ba ya goguwa. Sai farce ya tsiro an yanke."

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Mutumin da zai iya gaya maka yadda haske ke lanƙwasa a cikin ɗigon hawaye, bai taɓa duban hannun mahaifiyarsa da kyau ba. Wannan na iya yafe masa. Abin da ya biyo baya ne ban iya ba.

Ya shafa gemu, ya ce, "Ba matsala. In mun koma sai mu ware masu lalle daga lissafi. Sauran ma sun isa."

Na ce, "Matan da suka tafi fa?"

"Waɗanne?"

"Waɗanda na ce wa jininsu lafiya lau!"

"Auta, ki rage murya, mutane na kallo. Bincike muka zo yi, ba mu ne asibiti ba."

Ban san lokacin da na buga tebur ba. Ni, da ko ƙofa ba na bugawa. Na ce, "Kai za ka ware su daga takarda, su kuma suna can za su shiga daji da maganata a kunnensu! Mace ta zo da jiri na ce mata lafiyarta ƙalau. In ta haihu jini ya ɓalle, wace mota za ta fito da ita? Ka taɓa bin hanyar nan?" Na juya ga likitarmu, ita da ta fi kowa sanin abin da ƙarancin jini ke yi wa mai naƙuda. Ta ce a hankali, "Daga yanzu a ɗebi jinin kowa." Shi ke nan. Daga yanzu. Na tambaye su wa zai bi ni tasha, Injiniya ya ce kayan nan ba za su haɗa kansu ba.

Na fizgi littafin rajista na duba. Mata bakwai na tuna da lalle a hannunsu cikin waɗanda suka tafi. Na tare ɗan acaɓa na ce tashar ƙauyuka.

Kasuwa ta fara watsewa. Ana ta lodin gishiri da manja da buhunan taki, kowa na sauri, don ba mai son rana ta karkata yana cikin daji. Na riƙa bin motoci ina leƙa hannuwan mata kamar mahaukaciya. A bayan wata a-kori-kura na hango wushiryar nan. Tana zaune kan buhu, ta jingina kai da ƙarfe, idonta a lumshe.

"Yaya! Don Allah ki sauko."

Mijinta, wani siririn manomi da ke tsaye a gefe, ya ce, "Lafiya, Malama?"

"Ba lafiya ba. Awon da muka yi mata ba daidai ba ne."

"Ku kuka ce lafiya, ku kuma kuka ce ba lafiya. Wanne za mu ɗauka?"

Direba ya leƙo ya ce, "Malama, ki yi wa Allah ki bar mu mu tafi. In la'asar ta yi, ko uwata ce a ƙauyen ba na shiga."

Na san in ta sauka ba wata mota sai kasuwa mai zuwa. Na san kuma ba su da dalilin yarda da ni karo na biyu. Sai na ɗaga hannuwana biyu, mai lalle da marar lalle, na faɗi abin da ya faru a gaban kowa. Na ce, "Yaya, abin da na gaya miki ƙarya ne. Ban yi da gangan ba, amma ƙarya ne. Jirin nan ba lalaci ba ne. Ki zo a ɗebi jininki. In mota ta tafi, gidanmu na nan cikin gari, ɗakin mahaifiyata ya ishe mu."

Doguwar ta dube ni. Sannan ta ce, "Ai na gaya miki akwatin nan bai gama makaranta ba." Ta miƙo mini hannu. Sanyi ƙalau yake, cikin wannan rana.

Na samu wasu biyu a wata motar. Ɗaya ta biyo mu. Ɗayar ta ce ta bar yara uku a gida ba kowa, ba za ta kwana ba, kuma ban ga laifinta ba. Sauran huɗun sun riga sun tafi.

Da muka koma asibiti, mutanena sun gama ɗaure kaya, mota na jira. Na ce su tafi. Mai awon jini ya ɗebi na doguwar nan, ya auna, ya fito ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Da ƙafarta ta zo?" A ranar aka ba ta gado a babban asibiti, aka ƙara mata jini. Daga nan ta zauna gidanmu. Bayan mako uku ta haihu, kuma jini ya ɓalle mata kamar yadda na ji tsoro. Amma a kan gadon asibiti ya same ta, ba a ƙauye ba. Ta tashi, ita da 'yarta.

Da na koma jami'a Farfesa ya kira ni. Na ɗauka zai tambayi labarin matan. Sai ya ce ya ji na ɗaga wa na gaba da ni murya a bainar jama'a, kuma irin wannan ba tarbiyyar ɗakinsa ba ce. Ya ce dai an gode da lurar da na yi. A rahoton da aka fitar daga baya, duk abin da ya faru layi ɗaya ya ci: an ware masu launi a farce. Na karanta layin nan har na haddace shi. Mata biyar ne a cikinsa waɗanda har yau ban san yadda suka ƙare ba. Na aika saƙo ta bakin ungozoma da direbobi, wasu ƙauyukan ma an ce sun tashi.

An gyara na'urar, ba zan ɓoye ba, yanzu fatar ido take dubawa. Ni ma na gama karatuna ina nan cikin aikin haske. Amma a kan teburina akwai ƙullin garin lalle da Yayar nan ta aiko mini bayan suna, kuma duk ɗalibin da ya zo wurina shi nake fara nuna masa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka ƙera wa mutane abin da zai yanke hukunci a kan jikinsu, ka fara kama hannunsu ka duba. Ta kuma koya mini cewa shirun da nake taƙama da shi ba kullum ne alheri ba. Da safe na yi ladabi, ladabin nan ya tura mata bakwai hanyar daji. Da rana na buga tebur sau ɗaya, biyu suka dawo. Abin da kawai nake nadama shi ne ban buga shi tun da hantsi ba.