Baƙin tabo a ƙarƙashin lallen Inna

Sai da likita ya karanta sakamakon gwajin Inna, ya ce ciwon dajin fata ne wanda ba a cika gani ba, sannan na gane abin da hannuna ya yi.

Shekara biyu ina ƙunsa mata lalle a gidanmu na Illo. Lallen yakan koɗe, amma baƙin tabon tafin ƙafarta sai ƙara faɗi yake.

Na ce, "Inna, abin nan fa tafiya yake yi."

Ta ce, "Ina jin tahiyatai, ɗiyata. Ruhe shi, kar babanku shi gani."

Na rufe.

Yau kwana arba'in da rasuwarta. Ku sa ta a addu'a. Ni har yanzu ban iya gaya wa Baba ba.