Awawu Sidiku, Mai Faɗa wa Makafi Fim

An haifi Awawu Sidiku a Salaga, a ƙasar Ghana, cikin daminar shekarar 1961. Mahaifinta Malam Sidiku Abdulai falken goro ne, mahaifiyarta kuwa Asiatu, mai saƙar tabarma.

Ƙuruciya da karatu

Gidan Malam Sidiku yana cikin tsofaffin gidajen Hausawa na Salaga, kuma maigidan ya fi tsaron harshe a kan tsaron huhun goronsa. A zango, wato unguwar baƙi masu jin Hausa, mutane da yawa "ya zo" suke cewa ko mace ko namiji, amma a gidansa duk wanda ya ce "mace ya zo" sai ya maimaita har bakinsa ya gaji. A wannan tarbiyya Awawu ta tashi. Ta yi karatun allo, ta kammala makarantar midil a 1977, sannan ta zauna a rumfar atamfa ta gwaggonta, inda ta ƙware wajen siffanta launi da zane, har mai saye yakan ga rigar a jikinsa tun ba a yanka ba.

Aure da zaman Yendi

A shekarar 1983 aka ɗaura mata aure da Aruna Samed, mai gyaran rediyo a Yendi, wanda ya buɗe gidan bidiyo a 1989. Aruna mutum ne mai son fina-finan binciken kisan kai kamar ransa, kuma alfaharinsa shi ne ya gano mai laifi kafin ɗan sandan cikin fim ya gano. Yakan raɗa wa matarsa sunan, ita kuma ta yi kamar ta yi mamaki. A 1996 suka koma Bawku da 'ya'yansu da talabijin ɗinsu, suka buɗe ɗakin kallo a jikin gidansu.

Lalurar ido

A 2004 likitoci a Bolgatanga suka tabbatar wa Aruna yana da hawan jinin ido, kuma cikin shekara biyu ganinsa ya tafi. Ya daina shiga ɗakin kallo, ya koma zaman tabarma a ƙofar gida. Wannan ya dami Awawu ƙwarai, domin ta san mijinta ya bar abin da ya fi so a duniya, kuma ta ƙudura sai ta maido shi kan bencinsa.

Sai ta ware Asabar bayan la'asar domin makafin garin. Takan kalli fim da safe, da yamma ta zauna gefen talabijin da makirfo, duk inda 'yan wasa suka yi shiru ta faɗi abin da ido ke gani. Da ƙyar ta shawo kan Aruna ya zo a 2006. A fim ɗin ranar aka nuna hannu cikin safa yana zuba guba a kofi, ba fuska ba jiki. Awawu, wadda ta riga ta san ƙarshen, kuma harshen gidansu bai iya ƙarya ba, ta ce, "Ta zuba guba." Mace ɗaya ce tak a gidan da aka yi kisan. Aruna ya laluba sandarsa ya miƙe, ya ce mata a gaban jama'a, "Maman Nazif, kallo na zo, ba bara ba." A zatonsa tausayi ne ya sa ta miƙa masa amsar.

Neman kalma

Shekara uku bai sake takowa ba, ita kuma ba ta fasa ba. Ta gwada cewa "an shigo, an zuba," masu sauraro suka ce wannan "an" ba shi da ƙafa ba shi da numfashi, sai ka ce sanarwar rediyo. A ƙarshe ta ɗauki abin da mahaifinta ya hana ta, wato "ya" irin na zangon Bawku, wanda ke rufe mace da namiji baki ɗaya. Ta riƙa amfani da shi ga kowa, daga farkon fim har ƙarshe. An ce ranar farko ta nemi gafarar Malam Sidiku, wanda ya riga mu gidan gaskiya, kafin ta kunna makirfo.

A 2009 Aruna, da ke jiyo muryarta daga tabarmarsa, ya kasa gane mai laifi, abin ya tsaya masa a rai. Da Asabar ta zagayo sai ga shi a benci na gaba. Ya zargi direba, ashe ƙanwar mamacin ce, kuma mutane sun shaida ba su taɓa ganin wanda ya faɗi jarrabawa yana murna irin haka ba.

Shekarun katun

Daga 2012 ta ƙara da fina-finan katun domin makafi masu zuwa da iyalansu. A nan gwanintar rumfar atamfa ta dawo. Ba ta taɓa ganin teku ba, amma takan ce ruwan shuɗi ne kamar sabon rini, kifaye suna ratsa shi a hankali cikin riguna masu ruwan goro, haske yana saukowa musu zare-zare. Ɗakin yakan yi tsit, sai ƙarar fanka, tsofaffi sun ɗaga fuska sama suna murmushi. Wata dattijuwa mai suna Lamisi, wadda ta makance tun tana budurwa, ta ce mafarkinta da ya daɗe da dushewa ya sake yin launi, kuma da muryar Awawu yake zuwa. An gayyace ta Yendi da Bimbilla, kuma a 2018 ta yi irin wannan zama a Salaga, kusa da ƙofar gidan mahaifinta.

Rasuwa

Ta kwanta jinya a asibiti a Bawku, a ɗaki mai maƙwabtaka da na wani ƙanen Aruna wanda jikinsa ya fi nata tsanani. Da hantsin wata Laraba a watan Maris na 2023, autarsu Anisatu, haifaffiyar Bawku mai Hausar Bawku, ta dawo gida ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ya tafi."

Aruna ya yi salati, ya fara yi wa ƙanensa addu'a. Sai da ya ji kukan yarinyar ya ƙi tsayawa sannan ya gane, ya gyara mata a hankali: "Ta tafi." Daga baya ya gaya wa masu ta'aziyya cewa kalmar nan ta ƙara masa ɗan lokaci da matarsa a raye, kuma yana gode wa Allah da shi.

An yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bawku, makafin garin suna biye da makara, kowa dafe da kafaɗar na gabansa. Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Nazif, Rashidatu, Zainudeen, da Anisatu, wadda makirfon yake hannunta yanzu. Aruna yana nan a benci na gaba kowace Asabar. Allah ya haskaka kabarinta.