Baba a Teburin Italiyawa

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, ni kuku ne a ɗakin cin abincin Turawan Italiya, a sansaninsu da ke kusa da Talata Mafara. Ba son Turawa ya kai ni ba. Ina da mata, ga ta da juna biyu, fadamarmu kuma da ke gefen Maradun an riga an gaya mana ruwa zai cinye ta. Ya kuwa cinye. Aka kwashe mu aka kai kan tudu, inda ko kuɓewa sai an lallaɓa ta take fitowa.

Mahaifina bai taɓa zagina a kan wannan aiki ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya daina cin duk abin da ya fito daga hannuna. In na kai shinkafa gida, sai ya sa Inna, mahaifiyata, ta raba wa maƙwabta. In na kai goro, sai ya karɓa ya yi godiya, ya miƙa wa na kusa da shi. Mu gaisa lafiya lau, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, amma tuwonsa daga rumbunsa yake fitowa, ko da dawar ta kusa ƙarewa. Ni da nake ciyar da baƙin da suka tsallako teku, uban da ya haife ni bai san ɗanɗanon gishirina ba. Wannan abu ya ci mini rai ba kaɗan ba.

Babban kukun da nake aiki a ƙarƙashinsa wani dattijon Ba'italiye ne, gajere, mai tumbi da yawan faɗa. In ka yanka albasa ba yadda yake so ba, sai ya ɗaga hannu sama yana ta sababi da yarensu kamar an yi gobara, an jima kuma ya tura maka cokali a baki ya ce ɗanɗana. Hausarsa ta kasuwa ce, rabinta da hannu yake yi. Ya san mu Musulmin kicin ba ma taɓa naman da ke ɗakin sanyi, don akwai na alade a ciki, sauran kuma ba mu san wanda ya yanka ba. Saboda haka kullum yakan ware mana abin da babu nama, kuma a nan na gane mutanen nan suna da girki iri-iri wanda ko ƙashi bai ratsa ta cikinsa ba. Ran Juma'a ma da yawa daga cikinsu ba sa cin naman, sai ka ga manyan injiniyoyi sun zauna a kan taliya da tumatir suna ta suɗe faranti da burodi. Da farko dariya suke ba ni. Daga baya, ban ɓoye ba, nima na kamu.

Da matata ta haihu aka yi suna, sai na ga Baba ya ɗan sassauta. Jika ne namiji, ya ɗauke shi ya daɗe yana kallo. Inna ta ga ƙofa ta buɗe, ta yi ta bin sa da magana a hankali, har wata rana da na je gaisuwa ya ce da ni, bai ko dube ni ba, “Ran Talata ina zuwa kasuwa. In na ƙare na biyo in ga wurin aikin nan naka.”

Na ce, “Baba, in kun zo kwa ci abinci?”

Ya ce, “In Allah ya so.”

Na koma sansani kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da na gaya wa babban kuku, ya rungume ni har hulata ta faɗi. Muka zauna shawara. Ni na san Baba mutum ne mai tsantseni a kan abin da zai sa a bakinsa, nama in ba ya ga wanda ya yanka ba, ba ya kusantarsa. Babban kuku ya ce to ai magana ta ƙare, za a yi masa abincin da babu abin shakka a cikinsa ko kaɗan. Ya aika aka sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, don kada a ce wani abu ya taɓa su. Ya hana giya matsowa kusa da murhun. Ya nemi izinin manya aka bar mana tebur guda a ɗakin cin abincin, bayan Turawa sun tashi daga na rana.

Tun ranar Litinin ya jiƙa wake. Ya ce miyar uwarsa zai yi, wake da guntayen taliya da tafarnuwa da man zaitun, wadda tunda ya zo ƙasar nan bai yi wa kowa ba. Ya nuna mini da hannu cewa nama kowa na iya saye ya jefa a wuta, amma wannan sai wanda kake so. Ni na murza taliyar da hannuna, ni na yanka gautan Turawa, irin manyan nan baƙaƙe, na soya na jera a tanderu da tumatir da cuku. Ɗoɗɗoyar da yake shukawa a bayan kicin, wadda yake gadinta kamar ’yarsa, ranar sai da ya tsinke rabinta.

Baba ya iso bayan azahar, cikin babbar rigarsa ta Sallah da rawani. Ganin rigar nan kawai sai da ƙwalla ta taru mini. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na ce ba sai ya tuɓe ba, ya ce ɗakin mutane ne. Babban kuku ya fito ya rusuna, ya ce, “Sannu Baba, sannu Baba, lafiya Baba,” iyakar gaisuwar da ya iya ke nan. Baba kuwa ya jero masa tasa duka, gida da iyali da baƙunta da zafin rana, ni ina tsakiya ina amsa wa wannan ina amsa wa wancan.

Su Italiyawa ba sa kawo abinci gaba ɗaya, bi da bi suke kawowa. Aka fara da burodi gasasshe da tumatir a kai. Baba ya yi bismilla, ya gutsura kaɗan ya ajiye. Na ga abin da na yi da hannuna ya shiga bakinsa, na ce a raina yau dai an gama. Aka kawo miyar waken. Ya sa cokali ya juya ta a hankali har ƙasan kwanon, ya ɗago, ya sake juyawa, ya kurɓi kaɗan. Aka kawo taliya, ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashi, ya taɓa ya bari. Babban kuku yana tsaye a bayansa da tawul a kafaɗa, yana yi mini alama da ido ko lafiya. Ni na zaci cokali mai yatsu ne ya dame shi, har na ce, “Baba, ku sa hannu, ba kowa.” Ya ce in bar shi.

Da gautan ya fito daga tanderu yana tafarfasa, ja wur, ga ƙamshi, sai na ga Baba ya gyara zama. Ya yanko ya kai baki, ya tauna, ya tsaya. Ya dube ni ya ce, “Wanga gauta ne?” Na ce gauta ne. A lokacin ne na gane tun ɗazu ba ƙin ci yake ba, wuri yake bari a cikinsa don abin da yake tsammanin yana tafe. Sai ga ɗan ƙaramin kofin gahawa an ajiye a gabansa.

Ya ce, “An ƙare ke nan?”

Na ce, “An ƙare, Baba.”

Ya yi hamdala, ya shafa fuska, ya tashi. “Ka ce mai na gode. Allah shi saka da alheri.” Na raka shi har bakin hanya inda ake shiga mota. Sai da ya sa ƙafa a motar ya juyo ya ce, “Gonata sunka cinye, sunka aje mini gauta.”

Ran hutuna na je gida ina ta huci, na sami Inna tana tankaɗe. Na ce mata don girmama shi aka yi haka, da an kawo naman ai da bai ci ba. Ta buga rariyar a gefen ƙwarya ta ce, “Kai ma dai! Na sani ba shi ci. Wa ya ce maka cin naman yat tahi yi? Dattijo ya sa rigar Sallah ya taka har wurin mutanen da sunka tashe shi, so yake shi ga an yi mai yanka. Shi duba, shi ce a ƙunshe a kai ma yara. In anka yi haka, sauran duka ya cinye.” Ta kuwa yi gaskiya. A gidanmu ko mai tallan kodar dutsen niƙa ya kwana, sai an kama masa kaza.

Na kwashe duka na gaya wa babban kuku. Ya zauna a kan buhun fulawa ya riƙe kai. Talatar da ta zagayo ya sa na raka shi kasuwa, ya zaɓi rago fari mai ƙaho, ya ce in gaya wa Baba ya dawo ya yanka da wuƙarsa, mu kuma mu dafa a gabansa. Na kai saƙo. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma aikin gona ya taso, a bari sai bayan damina. Ban san ko da gaske yake ba, ko kuwa hanyar sallamata ce. Na fi son in yarda da gaske yake.

Ragon ya zauna a ɗaure a bayan kicin, yana cin ɓawon kabewa da ragowar burodi, har ya tsinke igiya wata rana ya gama da sauran ɗoɗɗoyar, dattijon bai ko ɗaga masa murya ba. Kullum da safe sai ya tambaye ni, “Baba? Lafiya Baba?” In ce lafiya. Gero na fitar da kai zazzaɓi ya kama Baba, ba a kai ga girbi ba Allah ya yi masa rasuwa.

Babban kuku ya sa aka ɗora ragon a motar kamfani aka kai gidanmu don sadaka. Limamin unguwa ya yanka, ni na dafa da hannuna a tsakar gida, na zuba duk abin da na iya. Mutanen gari suka ci, matafiyan da ba su san Baba ba ma suka ci, kowa na cewa bai taɓa jin nama mai daɗin wannan ba. Ni ban iya kai ko tsoka ɗaya bakina ba.