Fitila a Kan Tarwaɗar Rabe

Wata Litinin bayan damina, ina aji huɗu a lakol, wato makarantarmu ta Gidan Rumji, malaminmu Mushe Idi ya shigo rungume da akwatin gilashi. Muka cika shi da ruwan gulbi, muka zuba yashi, muka kifa tsingaro a kusurwa. Ni na kawo 'yan karfasa uku da na kama da kallabina wajen wanki, har na raɗa musu suna. Rabe, wani mai bakin tsiya da ke zaune bayana, ya kawo tarwaɗa. Ajinmu duhu gare shi, don haka Mushe ya rataya fitilar sola da waya bisa akwatin, ya damƙa mini kula da ita. Ya nuna mini: in ta sauko da yawa tsakiya kaɗai take haskawa, in an ɗaga ta taƙi ɗaya sai haske ya game akwatin. Ya ce, "Amma ki bar ma kifi inuwa, Hadiza."

Kwana huɗu, karfasaina suka ƙare. Na ga jelar ta ƙarshe a bakin tarwaɗar da idona. Rabe ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "To mi? Babba shi ka cin ƙarami!" Ban yi kuka a gabansa ba. Na haɗiye, na je gida ina surfe ina saƙa mugunta.

Na lura tarwaɗa ba ta son haske, kullum tana ƙarƙashin tsingaro. Washegari na riga kowa zuwa shara, na zare tsingaron na jefa bayan katanga, na daidaita fitila tsakiya cif, na jingina fasasshen madubin innata a gefe don ya kashe sauran inuwar. Mushe bai lura babu tsingaron ba, da ya ga akwatin ya yi haske har yaba mini ya yi. Tarwaɗa ta dinga zagaye tana dukan gilashi, ta daina ci, ran na shida ta juya ciki sama. Rabe ya yi kuka da majina, ni kuwa daɗi na ji har cikin raina. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Yau akwai akwatin kifi a ɗakina, da fitila mai kyau. Rabe direban tasha ne a Agiye, muna gaisawa, kuma har gobe ban yafe masa dariyar nan ba. Sai dai duk sanda na gyara fitilar, nakan bar kusurwa ɗaya da duhu. Tarwaɗar ba ta yi mini dariya ba.