Matuƙin da na ƙera a kasuwar Suki

Shekarun baya, ana tsakiyar yaƙi, ɗan kawuna ya shiga sojan sama. Aikinsa cikin jirgi kula da inji ne. Ni kuwa sai na ga wannan ya yi wa danginmu kaɗan.

Kullum wajen mai shayi a kasuwar Suki nake ƙara masa girma. Na mai da shi matuƙi. Na ce yana ratsa ƙofar dam ɗin Makwar da tayyara, jirgi sukutum, fiffike bai jiƙe ba. Da ya zo hutu ya ji labari, dariya ya yi: "Ya zol, kai mutumina, bakin nan naka zai sa a ɗaure ni."

Sai ga saƙo: jirginsu ya faɗi wajen atisaye. Ko gawa ba mu gani ba, sallar ga'ib muka yi.

A zaman makoki na jiyo wani tsoho yana raɗa: "Allah shi jiƙan shi, amma wasa da jirgi ya ja. Ya tafi da 'ya'yan mutane." Kawu yana ji, kansa ƙasa. Ƙaryata ce ta koma laifinsa.

Ran uku, kafin a naɗe tabarmi, na miƙe. Ni da ba a iya rufe wa baki, da ƙyar na ce, "Jama'a, bai taɓa tuƙi ba. Ni na ƙera."

Wani soja baƙo, hannunsa a naɗe, ya ɗaga Fatiha, sannan ya ce, "Haka ne. Ni ɗalibi ne a jirgin. Da inji ya kama wuta, na kasa ɗaura lemar dirowa daga jirgi. Shi ya ɗaura mini, ya ɗaura wa na biyu, ya tura mu waje. Ya koma ɗauko na uku."

Kawu ya share ido da gefen rawani, ya dube ni.

"Kai, shekara biyu kana zuba, ko rabinsa ba ka kai ba."

Har yau ina ƙara wa labari gishiri, kun san ni. Amma nasa, yadda sojan nan ya faɗa nake faɗa. Na duba ko'ina, ban sami wurin ƙari ba.