Baba Elkin, Mai Shiga Gaban Baƙo

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kullum kafin rana ta gama fitowa a tsibirin Andros, Baba Elkin Bastian ya riga ya sha faten masararsa, ya saɓa doguwar sandar tura jirgi ya nufi bakin ruwa. Aikinsa kai baƙi farautar kifin ƙaya, wannan farin kifin mai kalar yashi da ke kiwo a ruwan da bai kai gwiwa ba. Baƙo zai zura ido har ya yi hawaye bai ga komai ba. Baba sai ya ce a hankali, "Hagu kaɗan, taku goma sha biyar. Jefa." Kafin ka ce me, zaren ƙugiya ya miƙe.

Inda ruwa ya yi wa jirgi kaɗan, sauka ake yi a taka. Kowane ɗan rakiya a gefen baƙonsa yake tafiya don ya nuna masa kifi da hannu. Amma shekara biyu da suka wuce Baba ya canza, ya koma shiga gaba yana jan ƙafa cikin yashi. Garnet, abokin aikinsa tun suna samari, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Kai tsoho, baƙon ne ya zo kamun kifi ko kai? Ka tare masa gaba kamar akuyar da ta hango ganye!"

"Kai dai je ka nemo naka kifin, makaho," in ji Baba, a yi ta dariya.

Ranar Talatar makon jiya, muna cikin girkin rana a masaukin baƙi, sai ga jirgin Baba ya dawo da wuri. Baƙuwarsa, wata dattijuwa, tana ta ihu. Da ya sauko muka ga ƙafarsa ta dama jina-jina, ta kumbura suntum. Faffaɗan kifin nan mai kwanciya cikin yashi, mai dafi a wutsiya, shi ya harbe shi. Ruwa kuma yana janyewa a lokacin, da ya tsaya jinya da sun maƙale a laka har yamma cikin rana. A haka ya tura jirgin nan da sanda kusan awa guda kafin su kai inda inji zai iya tashi.

Duk muka yi cirko-cirko. Ba jinin ne ya ɗaure mana kai ba. Baba Elkin fa! Mutumin da ke hango wannan abu tun daga nesa, shi ne yau ya taka shi?

Aka tsoma ƙafar a ruwan zafi. Garnet ya durƙusa kusa da shi, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Elkin, ya aka yi ba ka gan shi ba?"

Baba ya ce, "Ko kai yanzu ba na ganinka, Garnet. Muryarka ce mai muni nake ganewa."

Matarsa, Mama Vernita, ta saki tawul ɗin da ke hannunta. Ashe shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, ko ita bai gaya wa ba. Tsoro yake ji kada a karɓe masa sandar.

"To kifin da kake nuna wa mutane fa?" in ji Garnet.

"Na san inda suke bi in ruwa na cika, na san inda suke komawa in yana janyewa. Ina jin motsin wutsiyarsu. Su suna da lokaci. Mai dafin nan ne ba shi da lokaci, ko'ina kwanciya yake. Shi ya sa nake shiga gaba ina jan ƙafa don ya gudu. In da wanda zai taka, ni ne."

Garnet ya rufe fuska da hula. Shekara biyu yana kiran mutumin nan akuya.

Baƙuwar ta ce ita dai baɗi shi za ta nema, ko yana gani ko ba ya gani. Baba ya girgiza kai. "A'a, Madam. Yau ƙafata ce ta riga taki. Gobe ban sani ba."

Baba, kai ne ka yi shekara biyu kana tafiya cikin duhu da tsakar rana, baƙo na bayanka yana dariya bai san komai ba. Mun ji haushin ɓoye mana da ka yi, Mama Vernita har yanzu ba ta huce ba. Amma ranar da ka ga abin zai iya shafar wani, da bakinka ka faɗi gaskiya, ba wanda ya kama ka. Mun gode. Duk wanda aka damƙa wa ran mutum, a jirgi ko a mota ko a ɗakin jinya, ya dubi inda Baba yake tsayawa, ya kuma san ranar da ya kamata ya ajiye.

Wata mai zuwa za a kai shi Nassau, babban birnin ƙasar, a duba idon. Jiya da safe ya miƙa wa Garnet sandarsa, ya ce, "Riƙe min, makaho. Kada ka karya."

Waɗanda suka fita ruwa jiya sun ce sun hango Garnet yana jan ƙafa, yana gaban baƙonsa.